Shafen Polima Mai Hana Furotin Mannewa a Kayan Asibiti

Gabatarwa

A wannan maƙala za mu yi ƙoƙarin bayyana dalilin da ya sa jini yake daskarewa a kan kayan asibiti masu taɓa jinin ɗan Adam, kamar bututun jijiya da matatar wankin ƙoda, sa'an nan mu duba dabarar da masana suka ƙirƙiro ta shafe fuskar waɗannan kaya da polima.

Tushen Matsalar

Da zarar baƙon abu ya taɓa jini, cikin 'yan daƙiƙoƙi sai furotin ya lulluɓe shi. A shekarar 1969 Leo Vroman da Ann Adams a Amurka suka nuna cewa furotin-furotin ɗin bi-da-bi suke yi: wani ya fara sauka, wani ya zo ya ture shi. Mafi hatsari a cikinsu shi ne fibirinojin, domin a kansa ne ƙwayoyin filatilet suke maƙalewa su haɗa gudan jini. Gudan nan kuwa yana iya toshe bututu, ko ya ɓalle ya tafi huhu. Ashe ke nan ƙwayoyin jiki ba ainihin kayan suke gani ba, furotin da ya rufe su suke gani. In an hana furotin zama, an kashe maganar tun daga tushe.

Hanyoyi Biyu

Hanya ta farko ita ce amfani da polimar da ake kira PEG. Zaruruwanta sukan riƙe ruwa ƙwarai, su tsaya a kan fuskar kaya tamkar gashin buroshi. Idan furotin ya matso, tilas ya danne zaruruwan ya kuma kori ruwan, wannan kuwa yana bukatar ƙarfin da ba shi da shi, sai ya koma. A 1991 Prime da Whitesides na Jami'ar Harvard suka tabbatar da cewa ko gajerun zaruruwa, in an jera su a cunkushe, suna hana furotin zama. Sai dai iskar oksijin tana lalata PEG sannu a hankali, kuma an gano jikin wasu mutane yana ƙera garkuwar yaƙi da ita.

Hanya ta biyu kwaikwayon halitta ce. Bayan fatar jan ƙwayar jini cike yake da sinadarin fosforilkolin, mai ɗauke da cajin lantarki iri biyu masu kishiyantar juna daidai wa daida. Cajin nan suna kama ruwa fiye da yadda PEG take yi. A 1978 Nakabayashi da abokan aikinsa a Japan suka haɗa sinadarin MPC mai wannan siffa, Ishihara kuma ya kyautata hanyar haɗa shi a 1990. An yi amfani da polimarsa wajen shafe famfon taimakon zuciya da ƙugun roba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa sirrin hanyoyin biyu ɗaya ne, wato mayafin ruwa da ke tsakanin kaya da jini. Abin da ya rage shi ne ɗorewa: shafen da ya yi nasara a ɗakin gwaji yakan kankare ko ya lalace bayan ya daɗe a jiki, kuma ƙaramin gurbi ya ishi furotin sauka. Saboda haka muna ganin bai kamata a yanke wa wani shafe hukunci da gwajin furotin guda ba, sai an gwada shi da cikakken jini na tsawon lokaci.