Me Ya Sa Wani Farantin Sola Shuɗi Ne, Wani Kuma Baƙi?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa a Fagge da ke noman rani a ƙauyensu, ya aiko mana da takarda. Ya ce ya shiga Kasuwar Sabon Gari zai sayi farantin sola na injin ban-ruwa, sai ya ga wani shuɗi wani baƙi. Shin fenti ne, kuma wanne ya fi?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan tambaya. Ba fenti ba ne, ba kuma rini ba ne irin na marinar Ƙofar Mata.

Ƙwayoyin da ke cikin farantin da silikon ake yin su, wani sinadari da ake tacewa daga yashi. Shi silikon idan an goge shi sumul, sheƙi yake kamar madubi, yana mayar da kusan kashi ɗaya cikin uku na hasken da ya sauka a kansa. Hasken da ya koma kuwa asara ce, domin ba zai zama lantarki ba.

Dabara biyu masana suka yi. Ta farko, ana sassaƙa fuskar ƙwayar ta zama ƙananan tudu masu tsini da ido ba ya gani. Haske in ya bugi wannan tudu ya yi tsalle, sai ya faɗa kan na kusa. Ta biyu, ana shimfiɗa wani shafe mai kaurin nanomita 70 zuwa 80. Nanomita ɗaya, jama'a, shi ne a raba milimita gida miliyan a ɗauki ɗaya. Gashin kai ya ninka wannan shafe kauri kusan sau dubu. Shafen yana hana ja da rawayan haske komawa, sai ɗan shuɗi ke kuɓucewa ya zo idonmu. Kamar dai launin da ake gani idan mai ya zuba kan ruwa.

To yaya aka san kaurin da ya dace? Da lissafi. A 1865 wani masani ɗan Sikotilan, James Clerk Maxwell, ya fitar da ƙa'idojin tafiyar haske. A 1966 kuma Kane Yee a Amurka ya kawo hanyar da kwamfuta za ta bi wajen warware su. Manomi zai gane ta nan take. Ka san yadda kake raba lambu fangali-fangali, ruwa yana bi daga wannan zuwa wancan? Haka kwamfuta ke raba hoton ƙwayar zuwa miliyoyin ƙananan gidaje, ta lissafa yadda haske ke ratsa su taki-taki, nawa ya shige, nawa ya koma. Sai a yi ta canza kaurin shafe da tsayin tudu har a dace, tun ba a narka komai a masana'anta ba.

Ƙwayar farko da kamfanin Bell ya nuna a Amurka a 1954, kashi 6 cikin 100 na hasken rana take mayarwa lantarki. Farantan yau masu kyau sun haura kashi 20.

Baƙin, wanda 'yan kasuwa ke kira mono, silikon ɗinsa dunƙule guda ne, tudun sun fi zama a kansa, ya fi shanye haske. Shuɗin, wato poli, ya ɗan gaza shi. Amma kada launi kaɗai ya ruɗe ka. Juya bayan farantin ka karanta yawan wat, a kuma gwada maka shi da mita a rana kafin ka biya.

Sannan ka kula, lissafin masana bai san ƙurar hunturu ba. Idan ta rufe gilashin, duk wahalar ta tashi a banza. Ka riƙa wanke shi da sassafe da ruwa da tsumma mai laushi. Ban da soson ƙarfe ko toka, domin galibi shi ma gilashin yana da nasa shafen. Ka fuskantar da shi kudu, ka bar sarari a ƙarƙashinsa iska ta wuce, saboda zafi yana rage masa ƙarfi.

Da fatan ka gamsu. Allah Ya ba da yabanya mai albarka. Mu kwana nan.