Fitilar Ƙofar Gida: Ado da Tsaro a Dagona, Nguru da Gashuwa

Hausawa na cewa dare mahutar bawa, amma kuma su ne suka ce dare rigar mugu. Tsakanin waɗannan maganganu biyu magidanci yake kwana, yana neman hutu, yana kuma kasa kunne ga abin da zai motsa a bayan katanga ko a turken dabbobinsa. Shi ya sa tun zamanin da, batun haskaka ƙofar gida bai taɓa zama ƙaramin abu ba. A yau kuwa da fitilu masu aiki da hasken rana suka cika kasuwanni, har suka kai garuruwa da ƙauyukan arewacin Jihar Yobe, tambayar da ke gaban jama'a ta sake. A da ana tambaya ina za a sami haske. Yanzu ana tambaya wane irin haske ne ya dace, kuma a ina ya kamata a kafa shi.

Dagona ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Bade, tsakanin Nguru da Gashuwa, cikin fadamar nan mai faɗi da kogin Haɗeja da kogin Jama'are suke shayarwa kafin su haɗu su zama kogin Yobe. Mutanen wannan yanki, watau Badawa da Mangawa da Hausawa da Fulani, noma da su da kiwo ne abin dogaronsu. Dukiyar mai irin wannan sana'a kuwa ba a ɗaki take kwana ba. Tana rumbu, tana garke, tana bakin ruwa inda aka ɗaure kwalekwale aka shanya koma, tana kuma gona inda aka bar injin ban ruwa. Saboda haka duhu a nan ya shafi aljihun kowa.

DAGA ACI-BALBAL ZUWA HASKEN RANA

Tsofaffi ba su manta da aci-balbal ba, wadda mai sayar da abinci ko mai tsire yake kunnawa a bakin hanya, tana ba da ɗan haske da hayaƙi mai yawa. Bayanta fitilar ƙwai mai shan kananzir ta zo, sa'an nan tocila. Nguru, wadda layin dogo ya iso mata daga Kano a 1930, ta zama babbar matattarar gyaɗa da fatu da ƙaro da dabbobi, kuma kayan zamani da yawa ta nan suka riƙa ratsawa zuwa ƙauyuka.

Wutar lantarki ta gwamnati ta bi nata tarihin. A 1972 aka kafa hukumar NEPA, a 2005 aka sake mata suna zuwa PHCN, a 2013 kuma aka miƙa aikin rarraba wuta ga kamfanoni, inda Jihar Yobe ta faɗa ƙarƙashin kamfanin rarraba wutar lantarki na Yola. Duk da waɗannan canje-canje, wutar da ake ɗaukewa ba tare da sanarwa ba ba abin dogaro ba ce ga mai son ƙofar gidansa ta kwana da haske. Masu hali suka koma ga janareta, amma tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, barin inji ya kwana yana ruri saboda ƙwai uku ko huɗu ya zama almubazzaranci. Kananzir shi ma ya yi tsadar da ta fi ƙarfin talaka.

Abin da ya buɗe sabuwar hanya shi ne haɗuwar abubuwa biyu, watau farantin da ke mai da hasken rana wutar lantarki, da kuma ƙwan lantarki irin na LED. Wannan ƙwai ya samo asali ne daga binciken wasu masana uku 'yan asalin ƙasar Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, waɗanda aka ba lambar yabo ta Nobel a 2014 saboda shi. Ƙwan LED mai wat 10 yana ba da haske kusan daidai da tsohon ƙwai mai wat 60. Ke nan abin da ƙwai ɗaya yake sha a da, yau ya ishi shida.

Lissafin ba shi da wuya. Gidan da ya kafa ƙwai huɗu masu wat 10, ɗaya a zaure, ɗaya a tsakar gida, ɗaya a turken dabbobi, ɗaya a bayan gida, yana shan wat 40 ke nan. In suka ci daga magariba zuwa asuba, kamar awa 11, sun sha 440 a ma'aunin wat na awa. Faranti mai wat 150, in ya sami rana mai ƙarfi ta awa biyar, zai iya mayar da wannan har da ɗan saura, ko da an cire abin da ke ɓacewa a waya da batir. Rana kuwa ita ce abin da ƙasar Nguru da Gashuwa ba ta taɓa rasawa ba.

KO HASKE YANA KORAR ƁARAWO?

Jama'a da dama sun ɗauka cewa da an kunna fitila an gama da ɓarawo. Binciken da aka yi a wasu ƙasashe ya nuna maganar ta fi haka zurfi. A birnin New York na Amurka, a 2016, an kafa manyan fitilu a wasu unguwannin gidajen gwamnati da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a, aka bar wasu yadda suke, don a gwada. Aka tarar manyan laifuffukan da ake yi a waje da dare sun ragu da kamar kashi 36 cikin 100 a inda aka ƙara haske. Amma a Ingila da Wales, wani binciken da aka buga a 2015, wanda ya duba ƙananan hukumomi 62 da suka rage hasken tituna ko suka riƙa kashe shi tsakar dare don tsimin kuɗi, bai ga shaidar cewa laifuffuka sun ƙaru saboda haka ba.

Darasin da ke cikin wannan shi ne, fitila ba ta kama ɓarawo, tona shi kawai take yi. In akwai idon da zai gani, ko na mai gida, ko na maƙwabci, ko na 'yan sintiri, to, haske ya yi aiki. In kuwa babu kowa, fitilar da aka rataya a bayan gida ta zama mai taimakon ɓarawo, domin ta nuna masa kwado da inda akuya take kwance, ta kuma hutar da shi kunna tocilar da za ta tona asirinsa.

Akwai kuma kuskuren da ya yawaita, na sayen fitila mafi ƙarfi a kafa ta tana kallon hanya. Idon mutum yakan ɗauki kamar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, amma haske mai ƙarfi yakan ɓata wannan sabo nan take. Mai gidan da ya leƙo daga zaure, fitila mai kashe ido tana gabansa, ba zai ga wanda ya laɓe a inuwar bayanta ba. Gwargwadon ƙarfin hasken, gwargwadon baƙin inuwar da yake jefawa. Don haka ƙananan fitilu uku da aka rarraba a kusurwoyi sun fi babba ɗaya amfani. Abin da ya dace shi ne a kafa fitila a tsawon kamar mita biyu da rabi zuwa uku, inda hannu ba zai kai ba, a sa mata hula, a sunkuyar da ita ta kalli ƙasa.

A wuraren da ba a zama, kamar bayan rumbu da lungun da ke tsakanin gidaje, fitila mai na'urar jin motsi ta fi dacewa. Tana zama a kashe ko a rage, sai wani abu ya gitta ta haska gaba ɗaya. Wannan yana razana mai mugun nufi, yana jawo hankalin na cikin gida, yana kuma tsimin batir.

Har wa yau, a ƙasar fadama ba ɓarawo kaɗai ake tsoro ba. Kunama da maciji da dare suke fita, kuma sau da yawa sara yakan faru ne a ƙafar wanda ya taka abin da bai gani ba a hanyar banɗaki ko ta rijiya. Ƙaramar fitila da ke haskaka wannan hanya ta fi wadda ke haskaka saman katanga ceton rai. Rigakafi dai ya fi magani.

ADON GIDA DA HAƘƘIN MAƘWABCI

Ta fuskar ado, ginin gargajiya yana da abin nunawa. Zaure mai zanko, da zanen da magina suke fitarwa a fuskar gida, da dakalin da dattawa suke hira a kai, duk sukan fito da kyau in haske ya sauka a kansu daga sama ko daga gefe, domin inuwar zanen ita ke bayyana zurfinsa. In aka haska bango kai tsaye da fitila mai ƙarfi, zanen sai ya baje ya zama kamar ba a yi ba. Haske mai ruwan ɗorawa ya fi karɓar jar ƙasa da yaɓe, alhali fari fat mai ɗaukar shuɗi yakan mai da gida kamar tashar mota. Bangon da aka shafe da farar ƙasa kuma yana mayar da haske, saboda haka ƙaramin ƙwai ya ishe shi.

Launin haske yana da wata fa'idar ga mazauna bakin ruwa. Ƙwari sun fi taruwa a farin haske mai shuɗi fiye da mai ruwan ɗorawa. Inda ƙwari suka taru kwaɗi sukan biyo, inda kwaɗi suka taru kuwa maciji ba ya nisa. Saboda haka ba a rataya fitila daidai kan ƙofar ɗakin kwana, sai a ja ta gefe kaɗan.

Sa'an nan akwai haƙƙin maƙwabci. Katanga da danga an yi su ne don sutura, kuma lokacin bazara iyalai da yawa a tsakar gida suke kwana saboda zafi. Fitilar da aka ɗora a kan dogon ƙarfe tana leƙa gidan wani ta keta wannan sutura, ta kuma hana mutane barci. Kafin a kafa, ya kyautu a tsaya daga wajen maƙwabci da dare a ga inda hasken yake faɗawa. Mafi kyau ma shi ne mutanen layi su haɗa kai su tsara inda kowace fitila za ta zauna, yadda ba za a bar lungu cikin duhu ba, ba kuma za a tara haske wuri ɗaya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

BAƘIN DA KE TAFIYA DA DARE

Dagona tana da wani dalili na musamman da ya sa batun haske ya shafe ta. Tafkinta matattarar tsuntsaye ce da duniya ta sani, kuma tana cikin Gandun Daji na Ƙasa na Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Yobe. Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila Elizabeth ta biyu, ya ziyarci wurin a 1989. A 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a 2008 kuma aka sa na Dagona.

Kowace shekara, in sanyi ya kama ƙasashen Turai da Asiya, agwagin ruwa da wasu tsuntsayen sukan ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara su sauka a wannan fadama, su tarar da 'yan gida irin su kirinjijiya da dinya. Da yawa daga cikin tsuntsaye masu ƙaura da dare suke tafiya, kuma taurari na cikin abubuwan da suke bi su gane hanya. Hasken da aka harba sama yakan ruɗe su, su yi ta kewaya har su galabaita, ko su yi karo da gini. Wannan ne ya sa a 2022 aka keɓe bikin ranar tsuntsaye masu ƙaura ta duniya ga matsalar yawan haske da dare. Abin farin ciki shi ne, fitilar da ta sunkuya ta kalli ƙasa, mai ruwan ɗorawa, wadda ba ta ci sai da bukata, ita ce ta fi wa mai gida amfani, ita ce kuma ta fi wa tsuntsu sauƙi.

ARAHA BA TA ADO

Sauran magana ita ce ta saye da kulawa. Fitilu da yawa da ake sayarwa an rubuta musu ƙarfin da ba su da shi a jikin kwali, kuma alamar haka ita ce ƙaramin faranti da batir maras nauyi. Irin waɗannan sukan yi haske da farkon dare su mutu kafin tsakar dare, watau daidai lokacin da aka fi bukatarsu. Mai saye ya duba girman faranti da na batir, ya nemi wadda aka yi wa alamar IP65, wadda ke nufin ƙura da feshin ruwan sama ba sa shigarta.

Ƙura da zafi su ne manyan abokan gaban waɗannan kaya a wannan yanki. Lokacin hunturu ƙura takan rufe faranti ta rage abin da yake tarawa, saboda haka a riƙa goge shi da tsumma mai laushi da sassafe, aƙalla sau ɗaya a mako. A karkata shi kaɗan ya fuskanci kudu, nesa da inuwar itace. A watannin Afrilu da Mayu kuma zafi yakan wuce digiri 40, zafi kuwa yana rage wa batir kwana, don haka a ajiye shi a inuwa inda iska ke shiga. Batir mai dalma bai kamata a riƙa zuƙe fiye da rabin cajinsa ba. In ya mutu kada a fasa shi a gida ko a yar da shi kusa da ruwa, domin dalma guba ce ga yara da dabbobi da kifi. Waya kuma kada a bi da ita tsirara ta jikin zana ko jinka, don gudun gobara. Faranti da batir su kansu dukiya ce da ɓarayi suke nema, saboda haka a ɗaure su da ƙarfe sosai.

Magidancin da ya kiyaye waɗannan, ya kafa fitilarsa inda ido zai amfana da ita, ya shawarci maƙwabcinsa kafin ya huda bango, ya kuma ware wa ɗansa aikin goge faranti kowace Juma'a, ya sami ƙofar gida mai kyan gani, kuma kuɗinsa ba su tafi a banza ba.