Ayu a Gandun Dajin Digya

Mu mazauna zango mun saba jin masu magani suna tallar man ayu, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa ganinsa da ido. Yana nan a ruwan gandun dajin Digya da gwamnati ta keɓe a 1971, a bakin tafkin Volta, inda giwa da ɓauna suke kiwo. Ayu ciyawar ruwa yake ci, ba ruwansa da kowa. Macen takan ɗauki ciki kusan shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya tak, kuma takan daɗe ba ta sake ba. Tarun masunta da mashin mafarauta suna neman ƙarar da shi, alhali doka ta hana kashe shi. Jama'a, in mun daina saye, mafarauci ma zai ajiye mashi.