Farin Wando da Baƙon Wata: Abin da Ke Korar 'Yan Matanmu Daga Fili

Shekarar da na fara koyarwa a wata sakandaren 'yan mata ta kwana, akwai yarinyar da ba a taɓa cin ta a gudun mita 200 ba. Siririya ce kamar sillen kara, in ta zabura sai dai a ga ƙura. Ana saura kwana biyu gasar gidaje ta same ni a bakin ofishin malamai, kai a sunkuye, tana murza gefen hijabinta.

"Malama, don Allah a cire sunana."

"Lafiya dai, 'yata?"

"Ba komai, Malama."

Sai da na ja ta bayan aji na yi ta lallashi, sannan ta ce baƙonta ne ya zo. Wandon gidansu fari ne, ga shi an gayyato makarantar maza kallo, kuma ƙunzugun tsumma take yi, da ta fara gudu yake zamewa. Ƙafarta lafiya lau, numfashinta lafiya lau. Ɗigon jini ɗaya a gaban jama'a take tsoro, domin ta san har ta gama makaranta da shi za a riƙa yi mata tsiya.

Irin wannan yarinya tana nan a kusan kowace makaranta, sai dai yawancinsu ba sa zuwa wajen malama. Sukan ce kai ke ciwo, su zauna a gindin bishiya. Wata ɗaya, wata biyu, daga nan an bar fili ke nan. Wani nazari da masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar a 2019 ya nuna kashi 85 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa samun motsa jikin da ya kamata, wato awa ɗaya a kullum. A nan wajenmu ma ba sai an kawo lissafi ba: yarinyar da ta tashi da gaɗa da 'yar gala-gala, da zarar ta fara fashin salla sai a ce ta girma, ta daina tsalle-tsalle.

Kada a ɗauka tsoron farin wando ƙauyanci ne. Gasar tanis ta Wimbledon, wadda ta shahara da dokar fararen kaya zalla, ta sassauta a 2023, ta yarda mata su sa gajeren wando mai duhu a ciki. A shekarar ce kuma tawagar ƙwallon ƙafar matan Ingila ta ajiye farin wando ta koma shuɗi, bayan 'yan wasan sun fito sun yi magana. In har waɗanda ke da likitoci da ɗakunan sauya kaya na alfarma sun damu da wannan, ina ga 'yar aji uku mai tsumma?

Abin da nake so iyaye mata su ji shi ne, jinin al'ada ba ya hana gudu. Gudu ba ya sa jini ya tsinke, ba ya kuma taɓa mahaifa. Ciwon mara yana zuwa ne saboda mahaifa na matsewa don fitar da shimfiɗar da ta yi a cikin wata, kuma 'yan mata da yawa sukan ji sauƙi idan suka motsa jiki. Paula Radcliffe ta Ingila ta kafa tarihin duniya a gudun fanfalaki na Chicago a 2002, daga baya ta faɗa da bakinta cewa da ciwon mara ta yi gudun. Amma jiki kowa da irin nasa. A gasar Olamfik ta Rio a 2016, 'yar ninƙayar China Fu Yuanhui ta gaya wa 'yan jarida cewa al'adarta ta zo a daren jajibiri, shi ya sa ƙarfinta ya ragu. Saboda haka yarinyar da ta ce yau ba za ta iya ba, a yarda da ita, a rage mata atisaye, gobe ko jibi ta dawo. Malamin da ke kiran irin wannan yarinya raguwa a gaban 'yan'uwanta, shi ke korar ta da hannunsa.

Ta fuskar addini ma, abin da aka ɗauke wa mai haila sananne ne, irin su salla da azumi da ɗawafi. Wasa da motsa jiki ba sa ciki. Malamanmu kuma sun sha kawo mana labarin tseren da Nana A'isha ta yi da Manzon Allah (SAW).

Inda ake buƙatar sa ido shi ne jinin da ke jikin yarinya. Yarinya mai tasowa, mai zubar da jini duk wata, ga kuma gudu, tana iya faɗawa ƙarancin jini ba a ankara ba. Za a ga tana haki tun a zagayen farko, tana jiri, tafin hannu da cikin ido sun yi fari. A ba ta wake, zogale, alayyahu, hanta ko nama gwargwadon hali, a haɗa da lemo ko gwaiba, don suna taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe. Shayi kuwa rage tsotsar yake yi, gara a ba shi tazara da abinci. A kai ta asibiti idan jinin ya wuce kwana 7, ko yana cika auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko ciwon yana kwantar da ita duk wata, ko ta kai shekara 15 ba ta fara ba. Akwai kuma wani abu da masu horarwa kan ɗauka abin murna: al'adar 'yar wasa ta ɗauke wata 3 a jere. Sau da yawa alama ce cewa abincin da take ci bai kai wahalar da take sha ba, kuma ƙashinta ne zai biya bashin nan gaba. Maganin ciwo irin ibuprofen yana aiki, amma ba a shan sa da yunwa, mai gyambon ciki ko sikila kuma sai da shawarar likita.

Sauran abin ba ya cin kuɗi sosai. Tun 2020 Nijeriya ta cire harajin VAT a kan audugar mata da ake yi a cikin gida, duk da haka ta fi ƙarfin gidaje da yawa. Tsumma ba laifi ba ne in an wanke shi da sabulu an shanya a rana, ba a cusa shi ƙarƙashin katifa da danshinsa ba, kuma tela na iya ɗinka shi da maɓalli yadda ba zai zame ba. Ko auduga ko tsumma, a sauya bayan awa 4 zuwa 6, a kuma sauya dab da shiga fili. Makaranta ta tanadi banɗaki mai ƙofa da ruwa kusa da filin, da ɗan akwatin auduga a hannun malama mace. Iyaye maza kuwa, kuɗin nan daga aljihunku zai fito, ku daina kawar da kai in an zo zancen. Ranar 28 ga Mayu ta kowace shekara ana tarukan tsaftar al'ada, a raba auduga a ɗauki hoto, amma ban cika ganin an gayyato malaman wasanni ba.

Ita dai yarinyar tawa, mai kula da ɗakin kwanansu ce ta ba ta auduga, muka aro mata baƙin wando daga wani gidan, na je na shawo kan alƙalin gasa ya bar ta ta shiga da shi. Ta zo ta biyu, kuma har aka watse tana mita wai layin waje aka ba ta. Da zangon karatu ya zagayo, shugabar makaranta ta sa aka ɗinka wa duka gidaje huɗun wando mai duhu, rigunan ne kawai suka bambanta.