Matuƙin jirgi mai saukar ungulu: daga makaranta zuwa yaƙin fari

Damargu ƙasar hatsi ce da kiwo. Daga Tanut zuwa Belbeji, babu abin da ke tada hankalin manomi da makiyayi kamar labarin farin dango. Dattawa suna tune da na 1988. Samari ma sun ga na 2004, wanda ya haɗu da ƙarancin ruwa har aka shiga wahalar abinci a 2005.

Fara ɗaya tana cin ganye daidai nauyinta kowace rana. Hukumar abinci da noma ta duniya, FAO, ta auna cewa garken fari da ya rufe kilomita 1 tsawo da faɗi yana cinye abincin mutum 35,000 a yini. Waɗannan fari suna hayayyafa a arewa, wajen Ayar da Tamesna, inda mota ke shan wuya. Shi ya sa a yaƙin fari na 2004 da 2005 FAO ta yi hayar jirage a ƙasashen Sahel, har da masu saukar ungulu. Irin wannan jirgi ba ya bukatar fili. Yana sauka a kan dabagi ko gindin dutse, malamai su fito su duba ƙasa. To, wane ne ke tuƙa shi?

Takarda mafari ce

Saurayin da ke son wannan aiki sai ya yi karatun boko mai zurfi, ya iya lissafi da Ingilishi. Likita zai auna idonsa da kunnensa da zuciyarsa. Wasu suna bi ta aikin soja. A 2013 Faransa ta ba sojan saman Nijar jirage 3 masu suna Gazelle, ƴan ƙasa suka koyi tuƙa su. Wasu kuma suna biyan kuɗi a makarantun waje, kamar ta Inugu a Nijeriya.

Bisa dokar jiragen sama ta duniya, ana ba mutum takardar tuƙi don neman abinci idan ya kai shekara 18, ya kuma yi awa 150 a sama, ko awa 100 a makarantar da aka amince da ita. Amma mai wannan takarda kamar yaro ne da aka fara ba sandar kiwo. Ba a damƙa masa garke ya tafi arewa shi kaɗai.

Da rarrafe yaro kan tashi

Kowane matuƙi yana da littafi inda yake rubuta awowin da ya yi a sama. Masu jirage wannan littafi suke fara dubawa. Don haka sabon matuƙi yakan bi ɗaya daga cikin hanyoyi uku. Ko ya zama malami a makarantar tuƙi, yana koyarwa yana tara awowi. Ko ya zauna kusa da babban matuƙi a matsayin mataimaki, kamar masu kai ma'aikatan man fetur cikin teku daga Fatakwal. Ko kuwa ya yi shekaru a aikin soja. Babbar takarda sai mai awa 1,000 da shekara 21.

Feshin magani yana cikin ayyuka mafi haɗari. Jirgi yana tafiya ƙasa-ƙasa, kamar mita 10 daga tsiro. Ga itatuwa, ga ƙura. Idan rana ta yi zafi, iska ba ta ɗaukar jirgi da kyau. Maganin kuma kaɗan ne, kamar lita 1 a kowace hekta, sai an lura da inda iska ke kai shi. Saboda haka sai gwani ake ba wannan aiki, kuma da sassafe aka fi yin sa.

Aikin mutanen ƙasa

Komai gwanintar matuƙi, bai san dajin Damargu kamar makiyayi ba. Ƙwan fari yana ƙyanƙyashewa cikin mako 2. Ƴaƴan suna yin wata guda ko fiye suna tsalle kafin su yi fiffike. Wannan ne lokacin da ya fi sauƙin kashe su. Nijar tana da cibiyar yaƙi da fari, CNLA, kuma labarin da ke fitowa daga karkara yana taimaka mata ƙwarai.

Duk wanda ya ga fari, ya gaya wa mai gari ko ardo ko malamin gona nan da nan. Ya faɗi wurin, da launinsu, da ko suna tashi. Ranar feshi a rufe rijiyoyi, a janye yara da dabbobi. Kada a mai da bisashe wurin sai kwanakin da malamai suka faɗa sun cika. Kada a ci ko a sayar da farin da aka fesa wa magani. Kada a zuba ruwa ko nono a cikin tulun magani.

Iyaye kuma su bar yara a makaranta, maza da mata. Matuƙin da zai tsare hatsin Damargu gobe, yana iya fitowa daga Tanut ko Belbeji. Hanyar da nisa, amma sannu ba ta hana zuwa.