Gawar da Ƙanƙara Ta Ajiye

Ranar 19 ga Satumba 1991, wasu mata da miji 'yan Jamus, Erika da Helmut Simon, suna gangarowa daga duwatsun Alps a kan iyakar Ostiriya da Italiya, sai suka ratse hanya don yanke. A wani kwari mai tsayin mita 3,210 suka ga kai da gadon bayan mutum sun leƙo daga cikin ƙanƙara. Kowa ya ɗauka mai hawan dutse ne da ya halaka shekarun baya. Masu haƙo gawar ma da injin fasa dutse suka zo, har suka ɓarke mata ƙugun hagu. Sai da masanin kayan tarihi Konrad Spindler na Innsbruck ya ga gatarin jan ƙarfen da ke gefenta aka gane abin ya wuce aikin 'yan sanda. Awo ya nuna mutumin ya yi kusan shekara 5,300 a kwance. Aka raɗa masa suna Ötzi.

To, me ya kashe shi? Amsar farko ta kwanta wa kowa a rai: makiyayi ne ko matafiyi, ya hau dutse da kaka, guguwar dusar ƙanƙara ta rutsa da shi, sanyi ya ƙarasa shi. Har da hujja, domin an tsinci ɗan itacen da sai da kaka yake nuna a kusa da shi. Dutse dai ba ya musu, duk laifin da aka ɗora masa sai ya ɗauka.

Abin da ya fara warware zancen bai kai ƙwayar gero ba. Masanin tsirrai Klaus Oeggl ya duba abin da ke hanjin gawar, ya tarar da garin furen wata bishiya da ba ta fitowa sai a kwaruruka masu ɗumi na kudu, kuma tsakanin Maris da Yuni kawai take fure. Garin sabo ne lokacin da ya haɗiye shi. Ke nan ba da kaka ya mutu ba, wajen shigowar zafi ne, lokacin da ƙasa ta yi kore amma saman dutse bai rabu da ƙanƙara ba. Ɗan itacen nan kuwa da alama busasshe ne, guzurin bara.

Hanji kamar layi yake, abin da ya riga shiga shi ke gaba. Da aka bi jerin garin furen sai ga tafiyar mutumin ta kimanin awa 33 ta ƙarshe: yana can sama wajen mita 2,500, ya gangara kwari, ya sake juyowa ya haye sama da mita 3,000. Mutum mai kusan shekara 45, da takalmin fata cushe da ciyawa. Duk wanda ya taɓa hawan dutse mai miƙewa ya san cinya ba ta yin wannan don nishaɗi. Ga kuma sara mai zurfi tsakanin babban yatsa da manuni a hannun dama, wanda ya kwana biyu. Bakansa bai gama sassaƙawa ba, kibau 14 ne a kwarinsa amma biyu kaɗai aka haɗa.

A 2001 likitan hoto Paul Gostner na Bolzano ya lura da wani ɗan duhu a kafaɗar hagu, wanda shekara goma ana kallo ana wucewa. Tsinin kibiya ne na dutse, ta baya ya shiga. Hoton da aka sake ɗauka ya nuna ya yanke babbar jijiyar jini da ke ƙarƙashin ƙashin wuya, jini ya tsiyaye cikin ɗan lokaci.

Cikinsa ne ya ba ni mamaki. An same shi maƙil da kitse da naman akuyar dutse da na wata irin barewa, da hatsi. Mai jin sawu a bayansa ba ya zama ya ƙoshi haka. Ya ɗauka ya tsira. Da alama wanda ya biyo shi ne ya zare kyauron kibiyar, ya bar gatarin jan ƙarfe, dukiya mafi tsada a wurin. Ɓarawo ba zai bar shi ba, wannan aikin mai gaba ne.

Tun 1998 Ötzi yana kwance a gidan tarihi na Bolzano, cikin ɗaki mai sanyin digiri 6 ƙasa da sifiri, tsinin kibiyar yana nan a kafaɗarsa.