Bauchi Zuwa Abuja: Sa'a Guda A Sama Ba Ita Ce Dukkan Tafiyar Ba

Ɗan kasuwar da zai tashi daga Gwallaga a birnin Bauchi domin cika alkawari a Abuja, ya kamata ya yi lissafinsa tun daga ƙofar gida.

Tazarar biranen biyu ta sama kimanin kilomita 300 ce, jirgin fasinja kan yi ta cikin kusan sa'a guda. Ta mota kuwa, idan aka bi ta Jos da Akwanga, tafiyar ta haura kilomita 400, takan kuma ci sa'o'i shida ko fiye.

Sai dai filin jirgin sama na Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buɗe a 2014, yana Durum ne, kimanin kilomita 23 daga gari. Ana kuma bukatar fasinja ya hallara sa'a guda kafin tashi. Bayan sauka, akwai wasu kilomita kusan 40 daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe zuwa tsakiyar Abuja.

Jimilla, tafiyar kan kai sa'o'i uku da rabi, muddin ba a ɗage tashin jirgi ba. Saboda haka, mai ganawar safe a banki ko ma'aikata, gara ya kwana a Abuja.